Baƙin Mai a Kan Itacen Baba

Itacen ba shi da suna a gidanmu. Ba mangwaro ba ne, ba dogonyaro ba, ba a cin 'ya'yansa, ba a miya da ganyensa, kuma duk tsofaffin matan Zango ba wadda ta gano ciwon da saiwarsa ke warkarwa, ko da yake sun gwada. Itacen Baba kawai muke ce masa. Kututture uku ne suka taso daga gindi ɗaya, jikinsu sumul, ɓawon yana saɓulewa da kansa, can sama suka buɗe suka rufe rabin tsakar gida. Idan ruwan farko ya sauka sai ya cika da fure shunayya, kowane fure a yamutse kamar takardar da aka dunƙule aka warware. Wata biyu muna sharar fure safe da yamma, muna gunaguni.

Baba leburan lambu ne. Shekara talatin da wani abu ya yi yana yankan ciyawa da gyaran furanni a gidajen manyan ma'aikata can bayan gari, kuma daga can ya zo da ɗan reshe a gwangwanin madara, shekarar da ya auri Mma. Ya dasa shi a tsakiyar gida, daidai inda duk mai hankali a Zango zai ƙara ɗaki. Maƙwabta sun yi dariya har suka gaji.

Sau ɗaya a shekara yake yi masa aski, idan ganye ya zube kafin ruwa ya dawo. Yana da 'yar wuƙa mai lanƙwasa da ba ya bari ko albasa a yanka da ita. Dokarsa ɗaya ce, duk reshen da ya fi babban yatsansa kauri ba ya taɓa shi. Zai tsaya ya ɗaga kai, ya zagaya, ya dawo inda ya fara, sannan ya cire ɗan tsinke guda. Kwana uku yake ɗauka. Mma takan ce, "Malam, da wanzami ne kai, da yunwa ta kashe mu." Shi kuwa sai ya ce ai inuwarta yake gyarawa.

Gaskiya ya faɗa. A ƙarƙashin itacen nan Mma ta yi rayuwarta. Nan take tsintar shinkafa, nan ta yi mana kitso, nan ta yaye mu mu shida. Akwai wata 'yar gwiwa a kututturen tsakiya inda take rataye carbinta da rediyo, wurin har ya yi sheƙi saboda hannu.

Baba ya rasu a tsakiyar rani, Mma ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba za ta taka ƙofar gida ba, ba ado, ba turare, ba ɗaga murya. Na baro mijina a Dichemso, unguwar da nake aure, da ɗinkunan mutane a kan keke na dawo na zauna da ita, don ni ce babbar mace. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta karye ba. Da ta idar da sallar asuba za ta ja tabarmarta zuwa gindin itacen, can masu gaisuwa mata za su same ta, can za ta ci abinci, ba ta komawa ɗaki sai magariba.

Ranar sadakar uku Kawu, yayanta da ya zo daga Salaga, ya kira mu ya ce idan ta fita takaba zai dawo ya tafi da ita gida. Haka ake yi, mace in ta gama za ta zaɓa, ko ta zauna cikin 'ya'yanta ko ta koma cikin danginta. Salaga ba nan kusa ba ce, kuma na san in ta tafi ta tafi ke nan. Da na kai mata maganar sai ta kalli saman itacen, ta ce, "Ki ce masa ina da wurin zama." Na ji daɗi har na yi kuka a bayan ɗaki.

Sai arba'in ta matso. A Zango addu'ar arba'in ba ƙaramin taro ba ne, malamai za su zo, 'yan garinsu Baba za su zo, abokan aikin 'ya'ya kowa da tawagarsa, kuma dole a kafa kanofi, rumfar nan ta ƙarfe da tamfol, a jera kujeru. A kan titi aka saba kafawa. Mu kuwa a wannan watan an farke titin ƙofar gidanmu ana ginin kwata, ko akuya sai ta yi dabara take wucewa. Ya zama tilas a yi taron a cikin gida.

Yaya ne babbanmu, makanike ne a Suame, unguwar garejoji, mutum mai zuciyar kirki da hannu mai sauri. Ana gobe taro ya same ni a madafa, tukwane biyar a kan wuta, ya ce, "Kanofi huɗu za a kafa, itacen nan ya tare wuri paa, sosai. Ki tambayi Mma, kaɗan za a taɓa."

Ni ya aika saboda ba a kai wa mai takaba maganar hidima, kuma namiji ba ya tsayawa ciniki da ita ko da ɗanta ne. Daga madafa zuwa tabarmarta taku goma ne. Ban je ba. Hayaƙi na idona, mata uku suna tambayata abu uku, na ce, "A rage kaɗan, ba komai." Na ɗauki jaka na tafi kasuwa neman tattasai.

A wurin Baba kaɗan yana nufin tsinke. Ban tsaya na tuna cewa Yaya mutum ne da ke raba mota biyu kafin azahar ba. Ya kira wani abokinsa mai yankan katako ya zo da zarton inji. Tun daga bakin lungu na ga hasken da ban saba gani a saman gidanmu ba, na fara gudu da kaya a kai. Da na shiga, gungume uku ne a tsaye, tsayin kafaɗata, kawunansu fari fat. An riga an janye rassan waje, mata har sun fara rabon itacen girki. Carbin Mma da rediyonta wani ya ajiye su da ladabi a kan turmi.

Tana ɗaki. An ce da aka ta da injin aka roƙe ta ta shiga ciki saboda ƙura, ta shiga, ta tsaya a taga tun daga reshen farko har na ƙarshe. Tana iya hanawa da kalma ɗaya, amma sai ta ɗaga murya sama da inji a gaban baƙon namiji, kuma mai takaba ba ta yin haka. Na durƙusa a gabanta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Wuƙar Babanku fa tana nan kan taga."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An yi addu'a, an cika gida, kowa ya yaba tsari. Aka kwashe kanofi washegari, rana ta faɗo tsakar gidan kai tsaye, siminti ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi. Mma ba ta fito ba. Ta zauna a ɗaki ƙarƙashin kwano, a watan da ya fi kowane zafi, gumi yana bin wuyanta. Abincin da take cinyewa a waje ya koma tana taɓa rabi. Saura kwana casa'in ta fita takaba, na fara ƙirga su.

Yaya ya ga abin da ya yi. Ba mutumin ba da haƙuri da baki ba ne, da hannu yake bayarwa. Kwana biyu bayan taron ya shigo da galan na baƙin mai, wanda ake juyewa daga injin mota, doti-oyil suke ce masa. A Suame wannan man maganin komai ne, da shi ake shafe katakon rufi don gara, da shi ake shafa ƙaiƙayin akuya, har a masai ake zuba shi. Ya ce, "In ba a rufe kan ba ruwa zai shiga ya ruɓe. Doti-oyil zai kare shi." Maganar ta shiga kunnena sosai. Ni na riƙe masa galan ɗin, ni na yago tsumman. Muka shafe kawunan uku, muka ƙara, man ya gangaro kusan kamu biyu a jikin ɓawon. Gidan ya ɗauki warin gareji.

A makon ne wani tsohon abokin aikin Baba ya zo gaisuwa, don bai ji rasuwar da wuri ba. Batone ne, mutumin Asante, a bakin Baba ya koyi Hausa, muna ce masa Wofa, wato kawu a yarensu. Ya shigo da sandarsa ya tsaya cik. Sannan ya dangwali man da yatsa ya sansana.

"Wa ya sa wannan?"

Na ce mu ne.

"Ai, ai, ai. 'Yata, itace ba mota ba ne." Ya goge yatsan a bango. "Zarto ba ya kashe shi koraa, ko kaɗan. Wannan itace, ka sare shi har ƙasa, zai tashi. Amma mai ya ƙone bakin da zai fito."

Na ce to a wanke mana, a kawo omo, a kankare. Ya girgiza kai, ya ce ya riga ya sha. Abin da zai mutu zai mutu, sauran zai tsiro daga ƙasan inda man ya tsaya, in ruwa ya sauka. Ya ce zai fito da yawa kamar tsintsiya, kada in yi murna in bar su duka, in zaɓi biyu ko uku a kowane gungume in cire sauran, kuma in sani waɗannan sababbin ba su da riƙo, a fatar itacen kawai suke maƙale.

Na tambaye shi abin da ke cina. "Wofa, inuwa fa? Yaushe?"

"Fure, ko bana. Inuwa ta zama, shekara huɗu, biyar." Ya kalli tagar Mma ya rage murya, amma bai rage ta isa ba. "Kuma ba zai koma yadda abokina ya yi shi ba."

Daga ranar ban da abin yi sai jira, kuma ni ban iya jira ba. Na ɗaura tamfol daga gungumen zuwa bango na shimfiɗa mata tabarma, ta leƙo ta ce zafin tamfol ya fi na kwano, kuma gaskiyarta ne. Na aro babbar lema irin ta masu sayar da kaya, ta ce ita ba ta kasa tumatir ba. Na riƙa zuba wa gindin ruwan alwala da na wanke shinkafa, na samo kashin shanu na barbaɗa. Kullum da safe sai na kankari ɓawon da farce in ga ko da ɗanye a ciki. Kawunan suka bushe suka tsattsage, baƙin ya koma toka-toka. Yaya ya rage zuwa, in ya zo ma ba ya kallon tsakiyar gida, ta gefen bango yake bi.

Ruwa ya sauka saura kwana sittin da 'yan kai. Mako guda bayan haka na ga wasu 'yan ƙuraje ja a jikin gungumen tsakiya, ƙasa da inda man ya tsaya, ƙasa da 'yar gwiwar da take rataye carbi, wadda ita ta riga ta mutu. Na ruga ɗaki kamar yarinya. "Mma, ya tsiro! Wallahi ya tsiro!" Ta taso a hankali ta tsaya bakin ƙofa, ta sa hannu ta kare ido. Ta ce, "Na gani." Ta koma.

Suka fito kamar yadda Wofa ya faɗa, fiye da ashirin a kowane gungume, sirara, jajaye, suna tsere da juna. Kafin wata ya cika sun kai tsawon hannu. Lokacin zaɓe ya yi, na ɗauko wuƙar Baba daga kan taga na tsaya a gabansu, sai na kasa. Duk iri ɗaya suke a idona. Na zagaya kamar yadda yake yi, na dawo inda na fara, ban ga abin da shi yake gani ba.

Sai na ji muryarta a bayana. "Ba wannan ba. Na kusa da shi, mai kallon waje."

Ta fito. Tana tsaye cikin rana da mayafinta fari, ba takalmi. Ban juya ba don kada ta koma. Ta riƙa nunawa da haɓa ina yankewa, wannan ya tafi, wancan ya tsaya, wanda ya nufi ciki a cire shi don zai gogi ɗan'uwansa. Ashe duk shekarun da take yi wa Baba tsiya tana kallon hannunsa. Muka bar uku-uku. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙarin miya, ni kuwa na kira mijina na ce masa Mma ba za ta tafi ba.

Kwana tara bayan nan aka yi ruwa da iska da la'asar, irin wanda ke ɗaga kwanon mutane. Muna tsaye ni da ita a baranda muna kallo. Rassan suka yi ta kwanciya suna tashi, sannan na farko ya ɓalle daga gindinsa, ya tafi da ɓawo. Na fita cikin ruwan na rungume gungumen tsakiya, ina ƙoƙarin tare su da jikina, hannu biyu ga rassa takwas. Tana kirana in dawo kada tsawa ta same ni. Da aka ɗauke, huɗu suka rage, biyu daga cikinsu a karye. Da ban cire sauran ba da sun tare wa juna iska, haka na yi ta faɗa wa kaina, ko da yake Wofa ya ce ba haka ba ne. Wasu sababbi sun sake tsirowa daga baya, amma Mma ba ta ƙara fitowa zaɓe ba.

Ranar fita takaba ta yi wanka, ta sa sabon zane, mata suka zo aka yi sadaka. Kawu ya iso da yamma. Kafin ya buɗe baki na riga shi, na shiga ɗaki na same ta tana ninke kaya, ban ma san ta fara ba. Na ce mata ta zo Dichemso ta zauna da ni, na ce Yaya zai yi mata rumfa ta katako mai kyau, na ce za mu sayo wani itacen babba a dasa. Duk abin da ya zo bakina na faɗa.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Shekara nawa Batonen nan ya ce?"

Na ce huɗu ko biyar.

"Da Babanku ya kawo shi, bai kai tsawon ludayi ba. Shekara bakwai muka yi kafin mu zauna a ƙarƙashinsa. Kullum da yamma sai ya auna inuwar da ƙafa ya zo ya faɗa mini." Ta ɗora zane a kan zane ta danna. "Na jira shi sau ɗaya, ina da abokin jira. Ba zan iya na biyu ni kaɗai ba."

Na ce ai ga ni. Ta shafa kaina ta ce ina da gidana. A nan na faɗa mata abin da na ɓoye kwana casa'in, cewa Yaya ya aiko ni in tambaye ta, ni ce ban zo ba. Ta ce ta sani, tana jin mu daga tabarma. Ta ce ta ɗauka zan zo.

Da safe suka tafi. Wuƙar ta bar mini a kan taga.

Mako biyar bayan tafiyarta itacen ya yi fure, irin wanda bai taɓa yi ba a hannun Baba. Kowane kai ya kusa girman tulu, nauyinsa ya rinjayi siraran rassan suka sunkuyo har suna share siminti. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, wata ma ta ce wa Yaya ashe saran ya yi masa amfani. Na so in watsa mata ruwan wanke-wanke. Na ɗauki hoto na tura wa 'yar Kawu ta nuna mata, sannan na kira. Ta ce ya yi kyau, ma sha Allah. Sai ta ce, "Inuwar ta kai tabarma?"

Na ce tukuna. A lokacin ko faifai ba ta kai ba.

Bana shekara ta uku ke nan. Duk rani nakan je da wuƙar in yi kwana ukuna, abin da ya fi babban yatsana ba na taɓawa. Inda aka sare ya warke ya yi dunƙule-dunƙule, busassun kawunan na nan da tabon mai, rassan sun fara kauri amma a miƙe suke tafiya sama, ba su san buɗewa ba. Mma kuwa ƙafafu sun fara gaza ta, 'yar Kawu ta ce daga ɗaki sai bakin ƙofa. Duk Juma'a muna waya, kuma duk Juma'a sai ta yi tambayar nan. Tsohuwar tabarmarta tana gidan, nakan shimfiɗa ta da azahar in auna.

Juma'ar da ta wuce inuwar ta rufe rabi da ɗan kai. Muryarta ta yi ƙasa sosai a wayar, sai da na toshe ɗaya kunnen. Da ta tambaya na ce, "Ta kai, Mma. Ta rufe duka. Ki zo ki zauna."

Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke dai ba ki iya ƙarya ba tun kina yarinya. Na san itacen nan, da saura." Ta ce in gai da Yaya, in ce masa ya riƙa bi ta tsakiyar gida.